Shekara Biyar Yana Yi wa Yarinyar da Muka Ƙirƙira Sadaka

Inna Aminatou, salamu alaikum.

Don girman Allah ki saurare ni, ki ba ni shawara irin wadda za ki bai wa ɗiyar cikinki. Ki yi haƙuri in wasiƙar ta yi tsawo. Ni mutum ce mai yawan zance a takarda, kuma wannan halin ne ma ya kai ni inda nake yau. Duk sunayen da zan ambata na canza su.

Da farko, kada ki ɗauka wata mai baƙin ciki ce ta rubuto miki. Alhamdu lillahi, ban rasa komai ba. Shekarata ashirin da ɗaya, ina shekara ta biyu a jami'a nan Tahoua. Iyayena suna nan da rai da lafiya a ƙauyenmu wajen Bambeye, bana ma geron babanmu ya yi kyau. Tun ina kolej nake zaune gidan goggona Raƙiya, mace mai faɗa da baki, amma ba ta taɓa bari na tafi lakwal, wato makaranta, da yunwa ba. Tana sayar da cuku da man shanu a kasuwa, ranar Lahadi nakan je in kama mata. Sannan akwai abin da ya fi komai faranta mini rai: ina rubuta littafi, kuma mutane suna karantawa.

Ban buga shi a takarda ba. Kashi-kashi nake sa shi a WhatsApp, Litinin da Alhamis, da wani suna na aro. Na fara da 'yan ajinmu goma sha ɗaya, yanzu rukuni uku ne cike, akwai masu bi har Agadas da Konni da Sakkwato, har da 'yan Adar da ke biɗa, wato ci-rani, a Abijan. Labarin wata 'yar lise ce, wato ɗalibar babbar sakandare, da son wani yaro ya shiga kanta har ya zame mata ciwo. Ta ƙirƙiri budurwar ƙarya tana aika masa saƙo da sunanta, da abin ya fi ƙarfinta ta ce budurwar ta mutu, sai kuma wata rana saƙo ya shigo mata daga lambar mamaciyar. Inna, in kin ga yadda 'yan mata ke gardama a kan labarin nan sai kin yi dariya. Ran da na makara da awa biyu, wata ta rubuto ta ce tuwonta ya ƙone tana jira, in biya ta. Na taɓa zama a rumfar mai ɗinki, ɗalibai biyu suna ta musu kan wa ke aiko saƙon, ni da na san amsar ina gefe ina ɓarar gyaɗa. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Makon jiya ma wani gidan rediyo mai zaman kansa ya aiko yana son a riƙa karanta labarin a wani shirinsu na matasa.

To ga inda gizo ke saƙar. Rabin labarin na biyu, wato saƙon da ke zuwa daga mamaciya, daga kaina na ƙago shi. Amma rabin farko ba ƙage ba ne. Ya faru, kuma da hannuna a ciki.

Ina da aminiya, Haula, 'yar Affala. Ita ma karatu ya kawo ta birni, tana zaune gidan kawunta, katanga ɗaya ta raba mu. Benci ɗaya muka zauna tun daga kolej har muka gama lise. Muna da shekara sha shida, a shekararmu ta farko a lise, Haula ta ga wani yaro ɗan ajin ƙarshe, Muktari, shi ke nan hankalinta ya tafi. Shi kuwa bai san da ita a duniya ba. Ta san lokacin da yake isowa ƙofar lakwal a kan tsohon kekensa, ta san ranar da yake sa riga mai ruwan ƙasa, ta san inda yake sayen ƙosai. Takan ja ni mu bi wata doguwar hanya cikin rana don kawai mu wuce ta ƙofar gidansu. Tana da wani gwangwanin madara da take tara abubuwan da ya yar: marfin bik ɗinsa na rubutu, marfin kwalbar lemo, wani guntun takarda da ya yi lissafi a kai. Ni a lokacin dariya abin yake ba ni. Ban gane cewa yarinyar ba ta ci ba ta sha sai da tunaninsa ba.

Yayanta da ke Abijan ya aiko mata da salula, akwai kuma wani tsohon layi da ya bari a gida. Ta samo lambar Muktari, ban san ta yaya ba har yau. Amma ba ta iya rubuta masa ko gaisuwa. Ni kuwa Allah ya ba ni iya jera magana. Sai muka zauna wata Asabar da hantsi a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta gidan goggo, muka ƙirƙiri Khadija: 'yar Yamai, ubanta ma'aikaci ne mai tsanani, ta ga Muktari sau ɗaya lokacin da ta zo biki Tahoua. Ba ta aika hoto, ba a kiranta, saƙo kawai. Haula ta faɗi abin da ke ranta, ni in juya shi ya yi daɗi, ita ta danna aikawa.

Mun ɗauka kwana biyu zai yi ya share. Wata shida aka yi. Yaron ya buɗe cikinsa ga Khadija. Ya gaya mata tsoronsa na bak, jarrabawar gama lise, da ciwon ƙafar mahaifiyarsa, da yadda yake son ya koyi aikin ruwa saboda ƙauyen kakanninsa mata tafiyar awa biyu suke yi kafin su cika tulu. Haula ta riƙa haddace saƙonninsa kamar karatu. Ni ma, gaskiya zan faɗa miki, ina jin daɗin ganin maganar da na tsara ta kama zuciyar mutum. A nan na fara sanin cewa ina iya rubutu.

Da hutun tsakiyar shekara ya matso, sai ya ce zai hau mota ya zo Yamai, ko daga nesa ne ya gan ta. Muka rikice. Haula ta ce mu kashe layin kawai. Ni na ce a'a, zai yi ta nema. Ni na kawo shawarar mutuwa, Inna, ba ita ba. Na rubuta saƙo da sunan wata 'yar uwar Khadija, cewa sanƙarau ya kama ta, kwana uku ta yi, Allah ya karɓi abinsa. Muka karya layin muka jefa a masai.

Abin da ya biyo baya ban so tunawa. Mun gan shi da idonmu yana ramewa. Ya daina wasan ƙwallo, ya daina tsayawa hira a ƙofar lakwal. A shekarar bai ci bak ba, sai da ya sake. Ban sani ba ko mu ne sanadi, amma zuciyata ta daɗe tana ce mini mu ne. Haula ta koma Affala hutun damina ta yi jinya kusan wata guda. Da ta dawo, abin ya sake ta kamar an cire ƙaya. Ta zubar da gwangwanin, muka yi alkawari ba za mu ƙara tayar da zancen ba. Muka ci gaba da karatu, ni na shiga jami'a, ita ta shiga makarantar koyon aikin ungozoma.

Bara da na fara tunanin littafin, sai da na tambaye ta. Ta yi dariya ta ce, “Rubuta mana, wa zai sani? Ki dai sa ni kyakkyawa.” Na canza gari, na canza sunaye, na mai da keke babur. Ita ce ma mai fara karanta kowane kashi, tana gyara mini inda na yi ƙarya da yawa.

Sai Allah ya yi nasa ikon. Wata bakwai da suka wuce Muktari ya kawo mahaifiyarsa asibitin da Haula ke koyon aiki. Yanzu ya zama mutum, yana gyaran famfunan rijiyoyi masu aiki da hasken rana, kullum yana hanyar Takanamat da ƙauyukan arewa. Haula ta kula da tsohuwar kamar uwarta, tsohuwar ta yaba, shi ma ya gani ya yaba. Wannan karon shi ya nemi lambarta, da sunanta na gaskiya, ba da tsarin kowa ba. Manya sun shiga maganar, an sa rana bayan sallar layya. Wallahi, Inna, sun dace. Haula ta yanzu ba waccan yarinyar ba ce. Mace ce natsattsiya, kuma son da take yi masa yanzu na hankali ne, har faɗa take yi masa in ya hau babur ba hular kwano. Ni ce babbar ƙawa, mun riga mun zaɓi atamfa. In na gan su sai in ji sanyi a raina.

Kuskurena guda ne, kuma babba. A cikin littafin na sa saƙonni uku na gaske, kamar yadda na rubuta su a wancan lokacin, don ban manta su ba kuma ina ganin sun yi kyau. Waɗannan kam ban nuna wa Haula ba, sai bayan ta gama dubawa na cusa su. Ɗaya daga ciki Khadija ce ke ce masa: “Hadarin da ya sauka a garinku shi ke ƙarasowa garinmu. In damina ta zo, ka riƙa ba shi saƙo ya kawo mini.” Masu karatu sun so wannan layin ƙwarai, har sawa suke yi a shafukansu.

Muktari yana da ƙanwa, Zaliha, 'yar shekara sha bakwai, tana cikin rukunin masu karatu. Wata rana tana karanta wa 'yan gidansu da ƙarfi, ya ji wannan wurin. Ya karɓi salular ya karanta da kansa, ya mayar mata. Ranar Juma'ar da ta biyo, da ya je zance bayan la'asar, ya ce wa Haula akwai abin da ya kamata ta sani kafin aure. Ya ba ta labarin Khadija tun daga farko har ƙarshe. Ya ce bai taɓa ganinta ba amma ita ce ta fara sa shi ya yarda da kansa. Ya ce duk azumi yana sa mahaifiyarsa ta dama kunu a kai masallaci sadaka da sunanta, shekara biyar ke nan bai fasa ba. Ya roƙi Haula kada ta ji kishin wadda ke ƙasa. Haula ta ce abin da ta iya cewa kawai shi ne “Allah ya ji ƙanta.”

Yanzu ya yi imani cewa mai rubuta littafin nan 'yar uwar Khadija ce ko ƙawarta, tunda ta san maganar da ba wanda ya sani. Zaliha ta rubuto mini ta sunana na aro, da ladabi, ta ce yayanta yana roƙon alfarma: yana son ya san inda aka binne ta, kuma ya je ya yi wa iyayenta gaisuwar da bai samu yi ba. Kwana tara ke nan ban amsa ba.

Ni da Haula ba mu yi faɗa ba, jiya ma tare muka ci dambu. Amma ra'ayinmu ya rabu. Ita ta ce in tsayar da littafin, in share sunan aron, in ɓace, bayan biki da wata biyu ko uku, in hankali ya kwanta, za ta san yadda za ta gaya masa. Ta ce, “Yarinta ce, Allah ya rufa mana asiri, don me za mu tona da hannunmu?” Wani lokaci sai in ga gaskiyarta. Wani lokaci kuma sai in tuna da kunun nan, in ji kunya ta rufe ni. Har na yi tunanin in amsa wa Zaliha in ce iyayen Khadija sun tashi sun koma wata ƙasa, magana ta mutu. Na san zan iya tsara shi yadda zai yarda. Abin da ya ba ni tsoro ke nan, yadda na san zan iya.

Kuma ba zan ɓoye miki ba, ina son littafina. Saura kashi shida in gama, na san ƙarshensa, kuma ƙarshen ya yi kyau. In na ce zan bar shi sai in ji kamar an ce in yar da abin da na haifa. Shin son kai ne wannan? Asirin nan nawa ne ko na Haula? Ina da ikon faɗa in ta ƙi? In na yi shiru na ci amanar Muktari, in na yi magana na rushe auren aminiyata, wadda ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Goggo ta lura ina yawan shiru, ta ce ko wani ne ya fara zuwa. Ki taimake ni, Inna. Rayuwata tana tafiya daidai, abin nan kaɗai ne ya hana ni sakat.

Taki,
Mai Alƙalamin Aro, daga Tahoua


Ɗiyata Mai Alƙalamin Aro,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na farko don in ji damuwarki, na biyu don daɗin rubutun. Allah ya ba ki baiwa, wannan ba gardama. Amma ki lura da wani abu: kin zo neman shawara kan yadda asiri ya kusa fita ta hanyar rubutunki, sai ga shi kin sake rubuta shi tsaf kin aiko wa jarida. Na ƙara canza wasu abubuwa a kan waɗanda kika canza kafin in bari a buga. Ban faɗa don in kunyata ki ba. Na faɗa ne don ki san halinki: labari ba ya zama a cikinki. Mai irin wannan hali dole ta koyi tambayar kanta, kafin ta saki magana, wa za ta taɓa.

Abin da kuka yi kuna da shekara sha shida yarinta ce, Haula ta yi gaskiya. Amma yarinta ma tana yin rauni, kuma ta yi. Kada ki raina shi, kada kuma ki nutse a cikinsa. Ko ku ne kuka kayar da shi jarrabawa ko ba ku ba, ba mai iya sani, kuma ga shi Allah ya tashe shi ya ba shi sana'a mai albarka. Abin da ke gabanku ba na shekara biyar da suka wuce ba ne, na yau ne.

Ina jin tsoron Haula, kuma ban ga laifinta ba. Mace ta samu mutumin kirki, an sa rana, an zaɓi atamfa, sai a ce ta ɗauki abin da zai iya wargaza komai ta kai masa da hannunta. Rufin asiri kuma abu ne mai daraja a addini da al'ada. Da a ce maganar nan ta mutu ta binnu, ba wanda take cuta, da sai in ce ku tuba tsakaninku da Allah ku ja bakinku. Amma ba ta binnu ba. Ke da kanki kin tono ta kin baza wa ɗaruruwan mutane, shi kuma ya gane maganarsa, yana neman kabari. Zaliha tana da shekara sha bakwai da salula a hannu, kuma cikin 'yan ajinku goma sha ɗaya na farko ba za a rasa mai sakin baki ba. In kin ɓace yau, ba za a yi wata guda ba ta gano ki. In ta gano ke ce, babbar ƙawar amarya, sauran lissafin ba wuya. Saboda haka zancen ko zai sani ko ba zai sani ba ya wuce. Abin da ya rage shi ne daga bakin wa zai ji, kuma yaushe.

Shawarar a bari sai bayan biki ita ce na fi ƙi. Mutumin nan ya zo ya buɗe wa Haula abin da ya fi ɓoyewa, don kada ya shiga aure da rufa-rufa. In ya ji gaskiya bayan an ɗaura, ba ƙaryar 'yan lise ce za ta ƙona masa rai ba, shirun ranar Juma'ar nan ne. Zai ce an bari sai da ya shiga an rufe ƙofa. Kuma ki tambayi Haula a hankali: in azumi ya zo tana gidansa, ita za ta dama kunun sadakar Khadija? Da wane hannu? Wata biyu da take cewa za su zama shekara, shekara ta zama goma, kullum faɗar tana ƙara nauyi.

Duk da haka, ba ke za ki tsallake ta ki je ki faɗa masa ba. Rabin laifin naki ne, amma auren nata ne, kuma ita ya kamata ya ji daga bakinta. Naki aikin shi ne ki sauƙaƙa mata hanya.

Ki fara da abin da ke hannunki. Ki dakatar da littafin daga wannan makon, ki ce wa masu karatu uzuri ya taso, ba sai kin ƙirƙiro dalili ba. Mai ƙona tuwo za ta yi haƙuri. Gidan rediyo ki ce su dakata. Zaliha kuma kada ki bar ta rataye, kada ki yi mata ƙarya. Ki ce kin ga saƙonta, kin girmama roƙon yayanta, amsa za ta zo masa ba da daɗewa ba. Batun iyayen da suka koma wata ƙasa ki cire shi daga ranki gaba ɗaya. Ƙarya ta farko yara suka yi ta. In kika ƙara wata yanzu, babbar mace ce ta yi ta da saninta.

Sannan ki nemi Haula ku zauna ku biyu. Ki fara ba ta haƙuri, domin ta ba ki izinin labarin amma ba ta ba ki izinin kwafe saƙonnin gaske ba, kuma su ne suka jawo wannan. Ki gaya mata ba za ki bar ta ta ɗauki kayan ita kaɗai ba: kalmomin naki ne, shawarar mutuwar taki ce, kuma a shirye kike ki faɗi haka. Ku sa wa kanku lokaci, kada ya wuce mako biyu, don ya samu sararin yin tunani kafin salla. Ta gaya masa ido da ido, a taƙaice, ba kare kai. Ke kuma ki rubuta masa takarda da sunanki na gaskiya, ta miƙa masa bayan ta gama. Layi goma ya isa. Wannan karon kada ki yi wa magana ado, kada ki nemi ta yi daɗi. Ki ce ni na rubuta, ni na ce ta mutu, na cuce ka, ka yafe mini.

Ina ba ku shawara ku sanar da babba guda ɗaya kafin ranar, ba dangi duka ba. Goggonki Raƙiya, yadda kika siffanta ta, za ta wanke ku tas da faɗa, sannan ta ɗaura zane ta tsaya muku. Irinta ake so a kusa in rai ya ɓaci, don a samu mai shiga tsakani da ba za ta kai maganar kasuwa ba.

Ba zan yi miki alkawarin yadda zai karɓa ba. Zai ji zafi, zai ji kunya, don ba namijin da ke son a ce 'yan mata biyu sun yi wasa da hankalinsa. Yana iya ɗauke ƙafa kwana da kwanaki, yana iya cewa a ɗaga rana, kuma haƙƙinsa ne. Kada ku bi shi da saƙonni, ku bar shi ya huce. Yana iya fasawa ma, dole Haula ta san da haka kafin ta buɗe baki. Amma mutumin da ya riƙe amanar wadda bai taɓa gani ba har shekara biyar ba mai busasshiyar zuciya ba ne. In ya natsu zai ga cewa ba wadda ta mutu, kuma wadda ta damu da tsoronsa da ciwon mahaifiyarsa a wancan lokacin ita ce dai ta zo ta yi jinyar tsohuwar da hannunta, ba da sunan kowa ba. Sadakarsa kuma ba ta faɗi ƙasa ba. Masu azumi sun sha, kuma Allah yana duba niyya.

In Haula ta ƙi fa? Kada ki tona ta, kada ki yi mata barazana. Amma ki gaya mata a fili cewa ba za ki ƙara ƙarya ko ɗaya a kan wannan magana ba, kuma in ya tsare ki ya tambaye ki, ba za ki rantse a kan abin da ba shi ba. Ina kyautata zaton ba za a kai nan ba. Yarinyar da ta kwanta jinya wata guda saboda abin da ta aikata tana da zuciya mai rai. Tsoro ne kawai, kuma tsoro yana raguwa in an samu abokin tafiya.

Son littafinki ba son kai ba ne. Zai zama son kai ne in kika fifita shi a kan mutane biyu masu rai. Ki ajiye kashi shidan nan, ba za su ruɓe ba. In ƙura ta lafa, ki nemi izininsu su biyun, ki cire saƙonnin gaske, ki ƙarasa. In sun ce a'a, ki haƙura ki fara wani. Ke da kanki kin ce rabin da ya fi sa mutane gardama daga kanki kika ƙago shi. To kin ga ba ki buƙatar asirin kowa kafin ki riƙe mai karatu.

Ki kwantar da hankalinki, ɗiyata. Kina da iyaye, kina da karatu, kina da aminiyar da kuka saɓa ra'ayi amma kuka ci abinci kwano ɗaya. Wanda ke da waɗannan zai iya ɗaukar kwana kaɗan na ɗaci. Ki tashi ki leƙa gidan kawun Haula yau, kada ki bari sai gobe.

Allah ya ba ku ƙarfin faɗin gaskiya, ya sanyaya zuciyar Muktari, ya sa alheri a auren nan in alheri ne. Ke kuma Allah ya yi wa alƙalaminki albarka, ya sa ranar da za ki buga littafi ki sa sunanki na gaskiya a bangonsa ba tare da kin sunkuyar da kai ba.

Innarki,
Aminatou